Ɗumin Ruwan Wankin Jins

Cikin duk zuwan da na yi Guangzhou sarin kaya, akwai wata rana ta hunturu da har abada ba za ta fita daga raina ba.

Zuwana na farko ke nan, na biyo kawuna, dattijon da ya koya mini sana'ar wandunan jins. Ba wanda ya gaya mini cewa sanyin garin mai laima ne, har ƙashi yake ratsawa, kuma yawancin gine-ginensu ba abin ɗumama ɗaki. Kawu kuwa yana da asma. Muna isa Xintang, garin masu ɗinka jins, tari ya sarƙe shi. Ya shaƙi maganinsa, amma karkarwa ta ƙi tsayawa. Ni ba yaren mutane, ba sanin hanya. 

Na ce, "Kawu, mu koma masauki."

Ya ce, "'Yar nan, ko bakin titi ba zan kai ba."

Matar da muka zo ciniki wurinta ta dube shi, ta yafito mu. Ta hau da mu benen wani dogon gini mai cike da shaguna. Tana buɗe ƙofar shagonta ɗumi ya tarbe mu. Kawu ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, don daɓen ma da ɗuminsa.

Da guntun Turancina na tambaye ta ina hitar da ke ɗumama ɗakin take. Ta yi dariya ta ce, "Meiyo," wato babu. Ta ja ni taga, ta nuna mini masana'antar wankin jins da ke maƙwabtaka. Ta fahimtar da ni cewa a da, ruwan zafin da suka gama aiki da shi a kwata ake zubarwa, tururi na tashi a banza. Yanzu kafin ya fita sai ya ɗumama wani ruwa mai tsabta, shi kuma ya zagaya ta bututu a ƙarƙashin daɓen ginin.

A hankali numfashin Kawu ya daidaita. Ya yi alwala da ruwan ɗumi, ya yi azahar a zaune. Da ya sallame ya shafa daɓen ya ce, "Ikon Allah. Abin da wasu suka gama da shi ne ya tashe ni yau."

Kawu ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Ni dai tun ranar, kafin in ce abu ya gama amfani, sai na waiwaya na ga ko akwai mai jin sanyi kusa da ni.