Fim ɗin da Na Kai Gidan Malama

Ni na zaɓi fim ɗin, ni na sa aka tura min shi a filashi, ni kuma na ɗauke shi da hannuna na kai gidan Malama ranar Kirsimeti. Na fara da wannan ne don kada a ce ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ko da yake har gobe ina jin haushin duk wanda ya buɗe baki ya yabi fim ɗin nan a gabana.

Malama maƙwabciyata ce a Gyaɗi-Gyaɗi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Yar Kudancin Kaduna ce, tana koyarwa a wata firamare a Tarauni, shi ya sa duk layinmu da Malama aka san ta. Ni kuma nas ce a asibitin koyarwa, don haka Sista take ce min, ko da a tsakar gida ta same ni ina wanke-wanke da tsohon zani. Kowace Kirsimeti maigidana ne yake yanka musu kaji tun da safe, domin mu ma mu ci ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Mijinta ne ya fara kawo wannan tsarin, shi yake riƙe ƙafafun kazar yana tsokanar maigidana wai wuƙarsa ba ta da kaifi.

Shekara biyu kafin ranar da nake ba da labari, mijin ya tafi garinsu gaida mahaifiyarsa, da niyyar ya dawo kafin biki. A hanyar dawowa aka tare motarsu, aka shiga daji da wasu daga cikin fasinjojin, har da shi. Sau ɗaya aka kira Malama, ta ji muryarsa, daga nan shiru. Ba a sake kira ba, ba a ga gawa ba, ba wanda ya dawo ya ce ya gan shi.

Dangin mijin sun daɗe suna so a yi masa sujadar bankwana a coci, a rufe maganar. Ta ƙi. Ta ce muddin ba ta ga gawa ba, ita matar aure ce. Kuma wannan taurin kan shi ne ya riƙe ta a tsaye. Da shi take tashi da asuba, ta yi shara, ta tare adaidaita sahu ta tafi makaranta, ta dawo tana faɗa da yaran layi a kan ƙwallon da suke bugo mata cikin gida. Ni na san abin da ban faɗa ba. Mijin nan yana da ciwon suga, irin wanda sai da allura safe da yamma, ni ma na koya wa Malama yadda ake yi masa. Maganin 'yan kwanaki ya tafi da shi. A shekara biyun nan ta tambaye ni maganin ciwon kai, na basir, na ƙaiƙayin ido, amma ba ta taɓa tambayata wannan ba. Ni kuma na kama bakina, don na sha ganin yadda majinyaci yake komawa a gado ranar da ya daina sa rai.

Abin da nake so kawai shi ne ta yi dariya, ko ta yini ɗaya ce. Kirsimetin da ta wuce haka muka zauna jugum-jugum, shinkafa ta huce a faranti. Na ce bana ba za a maimaita ba.

A ɗakin hutunmu na asibiti na ji labarin fim ɗin. Wata abokiyar aikina ce take ba da labari tana riƙe ciki, wai na Turawa ne, na lokacin Kirsimeti, wasu ɓarayi biyu ne wawaye, ta yi dariya har sai da mijinta ya leƙo ya ga ko lafiya. Na ce me ya faru a ciki? Ta ce a'a, ba za ta ɓata min ba, in je in kalla. Na duba a waya in ga abin da masu kallo suke cewa. Wani ya ce bai taɓa dariya irin ta ranar ba. Wata ta ce ya dace a kalla da iyali bayan an ci an ƙoshi. Wani ya ce akwai ɗan duhu a barkwancin, amma abin da ya ƙara masa daɗi ke nan. Akwai wanda ya kushe shi, wai tsakiyarsa ta yi ja, wani kuma kiɗan ne bai yi masa ba. Na karanta ra'ayi ya fi talatin, kowa yana rantsuwa ba zai tona labarin ba saboda waɗanda ba su gani ba. Ladabi ke nan wai. Mutum talatin, an rasa mai hankali ɗaya da zai ce akwai mace a ciki da take jiran mijinta. Ni kuma sarkin wayo, aikin kwana uku a jere ya sha kaina, ban zauna na kalla ba.

Bayan su Malama sun dawo daga coci muka ci abinci a gidanta. Maigidana ya ci nasa ya yi godiya ya fita. Muka rage mu huɗu a falo: ni, da Malama, da 'yarta da take jami'a, da wani dattijo ɗan Filato, tsohon ma'aikacin gwamnati da suke coci ɗaya, wanda kowa yake ce wa Baba. An kawo wuta tun hantsi, abin da na ɗauka alamar sa'a ce. Na sa filashi a talabijin ina ta zuba, wai yau sai cikin kowa ya ƙulle don dariya.

Farkonsa lafiya lau. Ɓarayin nan biyu, wa da ƙani, suka shiga wani kanti daren jajibiri, suna gardama a kan wa ya manta jaka. Har Baba ya murmusa. Sai mai kantin ya fito, ya gan su, tsoro ya kama shi, ya dafe ƙirji ya faɗi matacce. Daga nan fim ɗin gaba ɗaya ya koma yadda za su rabu da gawar. Su sa ta a mota, motar ta mutu. Su kai ta bakin kogi, su tarar ruwan ya daskare. Su sa mata jar riga da farin gemu irin na tsohon nan mai raba wa yara kyautar Kirsimeti, su zaunar a bakin titi, yara su taru suna ɗaukar hoto da ita. Kuma a tsakanin kowane wauta sai a nuno matar mai kantin a gida, ta jera abinci a tebur, tana duba agogo, tana masifa wai ya tsaya shan giya da abokai, tana ɗumama miyar tana sake ɗumamawa.

Tun da aka fara nuno matar na gane ɓarnar da na yi. Na miƙa hannu zan ɗauki rimot, Malama ta dafe shi.

"Bar shi, Sista. Ina kallo."

"Malama, akwai wani a filashin, na Indiya ne, ya fi wannan..."

"Na ce ki bar shi."

Haka muka zauna har ƙarshe. Kuma ta yi dariya, wallahi ta yi, irin wadda na yi shekara biyu ban ji ba, har tana buga cinya. A ƙarshen fim ɗin ɓarayin suka gaji, suka ɗauko gawar suka zaunar a kujera a ƙofar gidan matar, suka ɗaura mata jan ƙyalle irin na kyauta, suka danna ƙararrawa suka ruga. Matar ta buɗe ƙofa tana cikin masifa, ta yi minti guda tana zazzaga masa kafin ta lura. A nan aka ƙare, da kiɗan biki.

Baba ne ya fara magana. Ya ce shi wannan ba fim ba ne, rashin tarbiyya ne. Ranar haihuwar Mai Ceto guda a ɗauke ta a yi wasa da gawa? Ya ce mutanen da suka ƙoshi ne kawai suke mayar da mutuwa abin dariya, da sun taɓa bin hanyar Filato da rana tsaka suna addu'a a kowace kwana, da ba su yi ba. Ya daɗe yana faɗa, har ya gangaro kan yaran zamani da wayoyinsu.

'Yar Malama ba ta bi ta kan fim ɗin ba, ni ta juyo wa. Idonta ya yi ja.

"Anti, ba ki kalla ba kafin ki kawo?"

Maimakon in ce ban kalla ba, ki yafe ni, sai na ji bakina yana cewa ai kowa yabonsa yake yi, har na ciro waya zan nuna mata. Ina tuna wannan da kunya fiye da komai. Yarinya tana kallona da hawaye, ni ina neman ra'ayin wani baƙo da ban san ko a wace ƙasa yake ba don ya tsaya min shaida.

Malama ta goge idonta da gefen ɗankwali, na dariya ne ko na mene ne ban sani ba. Ta ce, "Ku dai ba ku iya kallo ba. Fim ya yi kyau. Baba, ka ce ba su da tarbiyya, amma ɓarayin nan 'yan kirki ne. Sun sha wahala da shi, ba su yar da shi a daji ba. Har gida suka kawo mata."

Baba ya nemi hularsa ya ce zai leƙa wasu 'yan'uwa a Unguwa Uku kafin yamma. Yarinyar ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Na kwashi kwanuka na bi Malama kicin, don ban san yadda zan yi sallama in fita ba. Tana wankewa ina ɗaurayewa. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Sista, matar nan ta ba ni dariya. Tana ta ɗumama miya, kowa ya san abin da ake ciki sai ita." Ta miƙo min faranti. "Mai irin ciwon Baban yara, in babu allurar nan, wata nawa zai yi?"

Na iya ƙarya. Aikina ya koya min kala-kala: ana kan ƙoƙari, sai abin da Allah ya yi, jiki da jiki ya bambanta. Ko wacce na ɗauko a cikinsu za ta wadatar. Amma ta juyo ta kalle ni, hannunta duk kumfa, kuma na riga na gaji da kaina a ranar, na ga kamar in na sake yi mata wata dabarar na ci amanarta sau biyu. Na ce, "Malama, ba a maganar wata. Kwanaki ne. In ya yi nisa, sati biyu ko uku."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To." Ta ƙarasa wanke tukunyar, ta kife ta, ta zuba min naman kaza a roba in kai wa yara.

Bayan sabuwar shekara ta kira yayan mijin ta ce su sa rana. Aka yi sujadar a garinsu, ban samu zuwa ba. Da ta dawo kowa a layi yana cewa gara haka, yanzu hankalinta zai kwanta. Baba ma da muka haɗu a bakin titi cewa ya yi Ubangiji yana aiki ta hanyoyin da ba mu sani ba, wataƙila har da fim ɗin banza. Na so in yarda da shi.

Amma ni nake jin motsinta ta katanga, kuma motsin ya ragu. Sharar asuba ta koma ta hantsi, daga baya ta koma sai 'yarta ta zo hutu. Ƙwallo ta faɗa gidanta, yara su shiga su ɗauka, ba mai ce musu kanzil. Makaranta tana zuwa, amma wata malamarsu ta ce min zama kawai take yi. Na gwada jininta, na duba sugarta, na ja ta har wurin likita, komai daidai. Babu abin da zan rubuta a kati. Na yi shekaru ina jinyar mutane, ban taɓa jin ba ni da amfani kamar a kan matar nan ba, kuma ba na jin akwai ranar da za ta dawo yadda take.

Sai wajen Ista na iya buɗe baki. Na same ta zaune a kan tabarma a tsakar gida da rana, ba ta yin komai. Na zauna kusa da ita na ce ta yafe min fim ɗin nan, ban san abin da yake ciki ba, da na sani ko a hannu ba zan riƙe shi ba.

Ta ce, "Fim kuma? Ai fim ba shi da laifi, Sista. Na ma manta yadda aka yi a ciki."

Ta ɗan jima tana kallon ƙasa, sannan ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani:

"Ranar nan a kicin, da kin ce min wasu suna kai shekaru, da na yarda."