Kwandon Kifin Madam Altagras

Bos Merilus, wanda muka binne watan jiya a garin Jakmel, mai fentin motocin haya ne. Shekara talatin yana zana furanni da mala'iku a jikin motocin mutane, yana aiki yana waƙa da wata murya mai korar kaji. Har yanzu in muka zo wucewa ta rumfarsa sai mu rage tafiya.

Zanen da ya fito da sunansa kuwa, saboda mace ya yi shi. Altagras ce, mai sayar da kifi a bakin teku, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Merilus aurenta yake so, amma in ya tsaya gabanta sai ya ɓige da tambayar kifi. Sai ya samo fallen katako da ragowar fentin mota, ya yi mako uku yana zana ta: jan ɗankwali, hannu a ƙugu, teku a bayanta. Kwandon gabanta ya bar shi wayam. A tunaninsa, ai ta sayar da komai ke nan tun da hantsi.

Ya kai mata kasuwa, mata suka taru. Altagras ta ga fuskarta ta yi murmushi. Da idonta ya sauka kan kwandon, murmushin ya ɗauke.

"Bos, me na yi maka?"

"Ni kuwa, Madam?"

"Ka zana 'yar kasuwa da kwando ba komai, ka kawo mata tsakar kasuwa! So kake masunta su dawo hannu biyu?"

Wata mai ayaba ta ce, "Haka ake neman aure a unguwarku, Bos? Ai da akwatin gawa ka zano mata!" Kasuwa ta kwashe da dariya.

Ya koma rumfa da katakonsa a hammata. Kwana biyu ba wanda ya ji waƙarsa. A na uku ya cika kwandon da kifi. Ya ja baya ya duba, ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara a ƙasa, ya ƙara a kafaɗarta. Ja, rawaya, kore, har kifaye suka cika sararin sama, ba wurin gajimare ko ɗaya. Yanzu baƙi daga babban birni kan tsaya gaban zanen suna yaba zurfin tunanin Merilus. Mu dai mun san tsoro ne.

Da ya mayar mata, ta daɗe tana kallo.

"To duk wannan wa zai sayar? Ni kaɗai?"

Ya ce, "In kina neman mai taya ki..."

"Kai? Da ba ka bambance kifin jiya da na yau?" Ta goge hannu a zani. "Ranar Lahadi bayan coci ka zo ka gaida yayana. Wannan kuma kada ka kuskura ka sayar wa kowa."

Shekara goma sha tara suka yi tare. Ita ta rufe masa ido.