Zanzaro a Bututun Numfashi

A shekarun ƙarshe na aikina a rumfar ƙananan jirage ta filin jirgin Yamai, akwai wani matuƙi ɗan mutanen Damagaram mazauna unguwar Banifandu. Ina kiransa Kumanda, shi kuma yana ce mini Baba. Wata safiya cikin damina ya sauko daga gwajin tashi, gilashin gabansa duk ɗigon mai. A ranar yake da niyyar zuwa Damagaram ya ɗauko mahaifinsa zuwa asibiti, domin jikin dattijon ba zai jure hanyar mota ba.

Na kwance elis, wato fankar da ke hancin jirgi. Zoben robar da ke hana mai fita ta bakin babbar sandar injin, wanda muke kira juwan, ya zame daga gurbinsa.

Sa sabo aiki ne mai son natsuwa. Zoben ya fi kan sandar ƙanƙanta, saboda haka sai an zare siririn ƙarfen da ke matse shi, a jiƙa robar a ruwan zafi har ta yi laushi, sa'an nan a miƙe ta a hankali ta haye. Na aro butar shayin ma'aikata.

"Baba, yau shayin roba za ka ba mu?" in ji Kumanda.

"Kai kaɗai za a zuba wa, tun da kai ne mai sauri."

Na kankare gurbin har ƙarfe ya yi fes, na shafa gam daidai kima, na zaunar da zoben, na mayar da ƙarfensa. Daga nan na gaya masa ba za a tada injin ba sai gam ya kwana.

Ya daina dariya. "Baba, tsoho na jira. Rana na da zafi, zuwa azahar ai ya bushe."

"Bayansa zai bushe. Cikinsa fa?"

Ya roƙe ni don Allah, kuma na san nauyin abin da ke ransa. Amma a makarantar mishan da na yi, fadan da ya koya mana aikin hannu yakan sa mu warware aikin yini guda saboda ƙusa ɗaya da ta karkace, kuma da wannan halin na tsufa. Na ce a'a.

Ya kira ƙanwarsa ta waya, ya ce sai gobe. Ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa gindin jirgin, ya ba ni baya. Can sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Baba, wannan zanzaron me yake nema a bututunka?"

Na durƙusa kusa da shi. Zanzaro ne ɗauke da laka, yana shiga bututun da injin ke fitar da numfashinsa ta ƙasa. Na kwance bututun, na hura, iska ta ƙi wucewa. Ya gina gidansa a ciki. In numfashi ya rasa hanya, sai ya taru ya tura juwan waje. Abin da ya fitar da tsohon juwan ke nan, kuma da haka zai yi wa sabon, wataƙila a sama, da marar lafiya a kujerar baya.

Muka kakkaɓe lakar tare.

Da hantsin washegari na tada injin, na bar shi ya yi zafi, na shafa farin ƙyalle a hancinsa. Ya fito fari. Kumanda ya tashi, kuma kafin magariba ya sauka da mahaifinsa. Na duba hancin jirgin kafin na je gaida dattijon.

Tun daga nan, duk jirgin da zai kwana a rumfarmu cikin damina, sai na toshe bakin bututunsa da jan ƙyalle mai dogon wutsiya, yadda ba mai tashi bai gan shi ba. Kumanda ke sayo mini ƙyallen a wajen telolin unguwar Kalle, yana kiransa hular zanzaro.