Binciken Auren Yaya Inuwa

...kuma kar wanda ya ce min in yi haƙuri, don na ji wannan har kunnena ya gaji. Ku tsaya in gaya muku ko wane ne Yaya Inuwa tukuna.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wankin hula yake yi a Bolori. In kun taɓa wucewa kun ga huluna a jere a kan gungume suna shan rana, sun sha sitaci sun miƙe ƙyam, to aikinsa ne. Babanmu daga Kano ya zo da sana'ar. Yana tsaye yana ciniki a Kasuwar Monday ya faɗi, kafin a kawo ruwa ya cika. Ƙaninsa ma haka. Sai babban yayanmu Gambo, ƙato, ko zazzaɓi ba ya yi, ya faɗi a filin ƙwallo. Unguwa ta ce sammu ne, mu ma muka ce sammu ne, muka yi ta shan rubutu.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, wata Madam Edith a GRA, wadda ɗanta ya mutu irin wannan mutuwar, ta kafa ƙungiyar taimakon masu ciwon zuciya na gado. Duk Asabar a barandarta ake taruwa. Masu duba mutane kyauta suke yi, don Allah: Likita Vincent, da wani malamin asibiti, Malam Abdulsalami, mai carbi da sanyin murya. Yaya Inuwa ya kai wa kukun gidan hula, ya ji abin da ake yi, ya zauna a benci.

Likita ya ɗora masa roba a ƙirji ya daɗe yana saurare. Ya ce ba sammu ba ne, a jini yake, kuma shi ma yana da shi. Ya daina ɗaukar kaya mai nauyi, ya daina gudu. Malam Abdulsalami ne ya fassara, shi ne kuma ya dafa shi ya ce, "Inuwa, abin da aka faɗa a barandar nan, nan zai tsaya."

Yaya ya yarda. Ya zayyana masa kaf, tun daga kakanmu. Daga nan ya zama ɗan gida. Yana jin Kanuri, yana jin Shuwa kaɗan, ga shi ya san kan kowa a garin nan, tunda shi ke wanke abin da ke bisansa. Duk gidan da ya ji an yi mutuwar farat ɗaya sai ya je gaisuwa, ya lallaɓa su, ya kawo su Asabar. In an tambaye shi sai ya ce tafinta kawai yake musu.

Sai ya ga Rashida. Ita ma ta gan shi, ba wanda ya tura wani. Har hula ta ɗinka masa, mummuna, wallahi kamar kwando, amma ita yake sawa ran Juma'a. Muka kai kayan na-gani-ina-so, aka karɓa da guɗa.

Kun san kafin a sa rana sai dangin yarinya sun yi bincike, su ji asalin mutum da halinsa. Baffanta, Alhaji Maikuɗi, ya tambayi Yaya ko akwai dattijon da ya san shi ciki da bai. Shi kuma sarkin yarda, da bakinsa ya ce, "Ku tambayi Malam Abdulsalami."

Suka tambaya.

Da rana tsaka aka dawo mana da kayan, a faranti, ko rufewa ba a yi ba, duk unguwa na kallo. Tsohuwar da ta kawo ta ce, "An ce mazan gidanku ba sa tsufa, kuma 'ya'ya na gada. Ba ma so 'yarmu ta yi takaba da goyo."

Yaya ya koma ya ci gaba da buga hula. Ni ce na yafa gyale ran Asabar na taka har GRA, na samu barandar cike.

"Malam, wurinka na zo."

"Sa'adiya, lale. Zauna, layi ake bi."

"Ban zo awo ba. Na zo in ga bakin da ya ce magana nan za ta tsaya."

Ya jawo ni gefe, yana ta jan carbi. "Ki rage murya, 'yata. Alhaji ya ce in faɗa masa tsakanina da Allah. Shawarar aure amana ce. In na ɓoye, gobe me zan ce?"

"Tamu fa, ba amana ba ce? Ko ita sitaci ce, ruwa na taɓa ta ta narke?"

"Gaskiya na faɗa."

"Gaskiyar wa? Kai ka haife ta? Aro aka ba ka. Da sai ka ce su je su tambayi mai ita!"

Likita Vincent ya fito, aka fassara masa, ransa ya ɓaci, ya yi ta faɗa da Turanci. Madam Edith ta riƙe hannuna tana sori sori. Sori ba ta ɗaura aure. Kuma har yau Malam na nan a barandar, wai ba su da wani da zai yi musu kyauta.

Rashida ta yi kuka, an ce har abinci ta daina ci, amma wa zai ja da baffa? Yanzu tana gidan wani ma'aikacin reluwe. Yaya Inuwa na nan da ransa, lafiya lau, yana wankinsa. Bai sake neman kowa ba, bai sake taka GRA ba. In na zagi Malam sai ya ce in bari, mutumin ya ji tsoron Allah ne. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Ga inda nake yanzu. Binta, 'yar da marigayi Gambo ya bari, ta fara haki in ta ɗebo ruwa, jiya har ta zauna a ƙasa ta dafe ƙirji. Duk garin nan mutanen barandar kaɗai suka san kan ciwon. Ita kuma 'ya mace ce, wata rana za a zo bincike a kanta.

To ku masu cewa in yi haƙuri, in kai musu ita ko in bar ta?