Ranar da Baba Ya Kai wa Manaja Fartanya

Wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya saɓa fartanya ya nufi ofis maimakon gona. Na bi shi da kwanon fura, don Inna ta ce ko karyawa bai yi ba. Baba lebura ne a wani kamfanin sayen auduga a Azare, kuma shi ne shugaban ƙungiyar leburorin wurin. Gajere ne, ga taurin kai. Inna kan ce da za a dafa kansa, sai itacen unguwa ya ƙare bai nuna ba.

A zamanin nan, duk Asabar ta damina sai a loda leburori a akori-kura a kai su gonar manaja a hanyar Chinade, su wuni suna noma a banza, wai gayya ce. Nasu gonakin kuwa ciyawa ta cinye. Tamu ni da ƙannena muke fama da ita in an tashi daga makaranta, hannuwanmu duk sun yi kanta, muna jiyo sa'o'inmu suna 'yar gala-gala. Baba ya daɗe yana tara abokan aikinsa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, yana ce musu, "Wanda ya zubar da gumi, shi ke da dami." Kowa ya san duk wanda ya ɗaga kai korarsa za a yi, mu kuwa da aikin nan muke ci.

Ya tarar da manaja a baranda, ya ajiye fartanyar a gabansa. "Ranka ya daɗe, gayya zagayawa take yi. Mun yi taka shekara da shekaru. Gobe ta Malam Buba mai gadi ce, muna jiranka da sassafe." Manaja ya fashe da dariya, sai ya hangi leburori tsaye a bayan Baba, ba mai ko murmushi. Washegari mota ta yi ta hon, ba wanda ya hau. Ran Litinin aka miƙa wa Baba takardar kora.

Mun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Ranar da wata ta kira ni 'yar korarre a makaranta, sai da na cika mata baki da ƙasa, na sha bulala ban yi kuka ba. Dattawan unguwa suka yi ta zarya: "Malam, je ka durƙusa ka ba da haƙuri, ko don yaran nan." Ya ƙi, ya koma dako a kasuwa. Amma ba a sake kai kowa gonar manaja ba.

Yanzu ina ganin samari ana tsotse su a wuraren aiki suna godiya, sai kewar tsohon nan ta kama ni. Ya rasu ko keke bai mallaka ba, amma ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a kan sallaya.