Faifan da Injiniya Ashafa Ya Sa wa Hannu

Ashafa bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan Injiniya, ya biya mai fenti ya rubuta masa a ƙofar shagonsa da ke Limawa. Tun Dutse tana sabuwar hedikwatar jiha yake gyaran rediyo, irin gyaran nan da za ka kai mai tari ka karɓo bebiya. Bakinsa ne kaɗai bai taɓa lalacewa ba.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, da ya ga kasuwar wa'azi ta buɗe, sai ya sayar da gonar gadonsa ta Miga, ya kinkimo tsohuwar kwamfuta daga Kano mai zuba magana a faifan sidi. Daga ranar babu mai hutawa a bencinsa. Ya ɗaga faifai sama yana bayani: wai magana a nan ramuka ce da ido ba ya gani, kuma Turawa na can suna ƙara ƙanƙanta su, har faifai guda ya haɗiye littattafan malaman Ringim kaf. A rediyo ya tsinci wannan, kuma iyakar saninsa ke nan.

"Kaset mutuwa yake," in ji shi. "Wannan kuwa shekara ɗari."

Maganar nan ce ta kawo Dada Mu'minatu, wata dattijuwar Bafulatana da ke maƙwabtaka da shi. Kaset ɗaya gare ta a duniya, na mijinta marigayi Malam Idirisu yana rera yabon Annabi da Fulatanci. Ba ta da hotonsa. Zaren ya fara saki, tana tsoron ranar da zai tsinke.

"Ɗan nan, amana ce," ta ce.

"Dada, kin zo gidan aiki."

A faɗi gaskiya, ya juye muryar daidai. Suka saurara a kwamfuta, tsohuwa ta share hawaye da bakin mayafi. Da ya tsaya nan da an gode masa. Sai gwanin ya jawo ƙusar da yake rubuta sunan masu rediyo da ita, ya karce bayan faifan da manyan baƙaƙe. Ko sunanta ma bai sa ba, nasa ya sa. Wawan bai san maganar tana kwance ne ƙarƙashin fatar nan ta sama mai kaurin ɓawon albasa ba. Kaset ɗin kuma ya ce ta bar shi a shago, ai ya gama aikinsa.

Wata biyar faifan yana naɗe a ƙasan kwallarta. Ranar sunan jikanta, wanda aka mayar wa da sunan marigayin, aka aro bidiyo, dangi suka cika ɗaki su ji muryar Malam. Na'ura ta juya, ta yi ƙara, ta tofo faifan. Sau uku. Dada ta ɗaga shi wajen taga, ta ga hasken rana yana ratsowa ta cikin sunan Ashafa.

Washegari ta same shi yana yi wa wasu bayanin ramuka.

"Ba ni kaset ɗina."

Ya ɗora laifin a kan bidiyon aro, ya ɗora a kan zafin gari, ya lalubi akwati yana gumi, daga ƙarshe ya zaro kaset ɗin daga rikodar lasifikar shago. Tallar kansa ya naɗa a kai, na cikin kwamfuta kuwa tuni ya goge.

Ba ta zage shi ba, bai kai a zage shi ba. Ta koma gida ta kunna, ta daure ta saurari Ashafa yana kirari da sunansa gaba da baya, ko Allah zai sa ya rage mata wani abu. Can ƙarshen gefe na biyu tallar ta yanke. Aka ji shuru, aka ji tari, sannan muryar Malam Idirisu, kusa kamar yana zaune a tabarmar:

"Mu'minatu, kashe haka nan, kar batir ya ƙare."