Muttaka Mai Injin Buga Takardu

Shekara goma sha ɗaya Muttaka, mutumin Kabara, ya yi yana juya injin buga takardu a shagon Alhaji Tanko da ke Yakasai. Da can mai barkwanci ne. In an idar da azahar, shi ke tara ma'aikata su ci ɗanwake a kwano ɗaya.

Alhaji kuwa bakinsa ba linzami. Kuskure kaɗan, sai ya zage mutum tas a gaban masu kawo aiki. Abin da ya fi zagin ciwo, yakan kira mutum ofis ya rufe ƙofa, ya ce, "Duk abin da kuke faɗa a bayan idona yana zuwa kunnena."

Shekarar da soja za su miƙa mulki, aikin fostar 'yan takara ya yi musu yawa. Wata rana Muttaka ya ce wa Ilu, mai yankan takarda, "Soja ma za su sauka, mu namu sai yaushe?" Ilu ya yi dariya.

Washegari Alhaji ya tsaya a kan Muttaka, ya ce, "Ashe ka iya siyasa." Ya mai da shi wankin tawada, ya ɗora Ilu a kan inji.

Daga ranar Muttaka ya kama bakinsa. In Ilu ya shiga ofis, sai ya riƙa lura da daɗewarsa. In ya miƙo masa goro, ya karɓa ya jefa aljihu. Kowa ya koma cin nasa shi kaɗai. Da injin ya fara wata ƙara, Muttaka ya gane ciwon, amma ya yi gum, kada a ce shi ya taɓa. Ana saura kwana uku zaɓe injin ya tsaya, Alhaji ya kori Ilu.

Da zai tafi, Ilu ya same shi ya ce, "Malam Muttaka, wallahi ban kai maganarka ba."

"Allah ne masani," in ji Muttaka, bai ɗago kai ba.

An mai da Muttaka kan injinsa, ya ci gaba har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa sanin wanda ya kai tsegumin ba. Matarsa Uwani takan ce ko a tsakar gida, sai ya waiga zaure kafin ya yi magana. Ilu yana sayar da littattafai a kasuwar Kurmi. In sun haɗu sukan gaisa, su tambayi iyali, kowa ya wuce.